Carbin ƙwallon dabino: daga wanki zuwa ɗaurin tuntu

Duk wanda ya taɓa shan ruwa a masallacin Annabi (SAW) da azumi ya san yadda ake yi. Ana kiran magariba a ci dabino uku ko biyar, a taɓa burodin shuraik da dugga, wato garin kayan ƙamshi, da nono, kafin a tayar da iƙama an naɗe ledar sufura da duk abin da ke kanta. Ƙwallayen dabinon nan bola suke tafiya, buhu-buhu. A gidajenmu ma haka abin yake, daga Madina zuwa Shara Mansur a Makka har Jidda. Abin yana damuna, domin ƙwallon dabino kayan aiki ne mai kyau: yana da tauri, yana ɗaukar sheƙi, kuma hannu yana ƙara masa kyau da daɗewa maimakon ya kashe shi kamar yadda yake yi wa carbin roba. Ƙirga zikiri da shi ma ba baƙon abu ba ne. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas game da matar da aka iske tana tasbihi da ƙwallayen dabino ko tsakuwa a gabanta. Malamai sun yi magana kan ingancin ruwayar da kuma fifikon ƙirga da yatsu, wannan fagensu ne. Namu a nan aikin hannu ne.

Abu ɗaya ne ke raba carbin da zai shekara goma da wanda zai tsage kafin babbar salla, shi ne ruwa. Ƙwallon dabino iri ne, ba katako ba ne, ba dutse ba ne. Yana shan ruwa ya kumbura ya yi laushi, ya saki ruwan ya motse ya yi tauri. Wanda ya san lokacin da zai huda da lokacin da zai jira, ya gama rabin aikin. Kusan duk ɓarnar da ake yi a wannan sana'a, in aka bi sawunta, za a tarar an yi wani mataki ne ƙwallon yana jiƙe alhali a bushe ya kamata, ko akasin haka.

Kafin a taɓa wuƙa, a ɗauki ƙwallo ɗaya a dube shi da kyau. A cikinsa akwai tsaga doguwa daga kai zuwa gindi, da ɗan zare a kwance cikin tsagar. A bayansa akwai ɗigo ƙarami kamar an soka allura. Sannan akwai fatar nan siririya fara da ke lulluɓe shi. Dukkan ukun Alƙur'ani ya ambace su da suna: zaren shi ne fatil, a Suratun Nisa'i aya ta 49, ɗigon shi ne naƙir, a aya ta 53 da ta 124 ta wannan surar, fatar kuma ƙiɗmir, a Suratu Faɗir aya ta 13. Mai carbi yana da aiki da kowannensu. Fatil da ƙiɗmir su ke riƙe zaƙi da danshi, su ke jawo rima da tururuwa, dole a cire su tas. Naƙir kuwa ƙofar tsiro ce, nan ɗan tsiron yake kwance, kuma wurin ya fi ko'ina laushi a bayan ƙwallon. Tsagar ita ce babbar matsala wajen huda, domin ta fi yadda ido ke gani zurfi. A yanka ƙwallo ɗaya gida biyu ta tsakiya a duba fuskar yankan: ba da'ira ba ce, siffar ƙoda ce, tsagar ta shige kusan zuwa tsakiya. Wanda bai ga wannan da idonsa ba zai yi ta mamakin me ya sa ƙusar hudarsa ke ɓullowa ta gefe.

Kada a gauraya iri. Ƙwallon ajwa da na sukkari gajeru ne masu kauri, su suka fi daɗin ja a hannu kuma suka fi jure huda. Na safawi da mabrum dogaye ne sirara, suna da kyan gani amma huda su ta tsawo sai mai haƙuri. Na khalas na Ahsa matsakaici ne, santsinsa da kyau. Ga mai farawa, ni dai sukkari zan ce. Haka kuma ƙwallon busasshen dabino ya fi na ruɗab, wato ɗanyen nan mai laushi da ke cika kasuwa da zafi, domin na ruɗab ruwa ya fi yawa a jikinsa, motsewarsa ta fi yawa, wani har ya lanƙwashe. Kilo ɗaya na matsakaicin dabino ba ya rasa ƙwallo 80 zuwa 120, amma ba duka ne za su shiga carbi ba. Don carbi mai 'ya'ya 33 a tara 100. Don mai 99 a tara kusan 300. Kashi ɗaya zai fita wajen zaɓe, wani kashin ya fashe wajen huda, kuma ana son a ajiye 'yan kaɗan masu launi ɗaya saboda gyara nan gaba.

Wanki: a jiƙa su a ruwan ɗumi kwana ɗaya, a sauya ruwan sau biyu, sannan a tafasa minti 10 zuwa 15 a ruwa zalla. Tafasar ba don tsabta kawai ba ce, ko da yake ƙwallon da ya fito daga bakin mutane dole a dafa shi. Tana kashe ɗan tsiron, tana kuma kashe wani ƙwaro ɗan mitsitsi, tsawonsa kamar milimita 2, wanda aikinsa ke nan huda ƙwallon dabino ya yi ƙwai a ciki, 'ya'yansa su cinye cikin su bar ɓawo. Ƙwaron nan har maɓallan riga da ake sassaƙawa daga ƙwallon goriba yana ci. Alamarsa rami ƙarami zagayayye da gari kamar fulawa a ƙasan kwano. Duk ƙwallon da aka ga rami a jikinsa a jefar, kada a ce ai an samu huda kyauta. Bayan tafasa, tun suna da ɗumi, a goge kowanne da tsohon buroshin haƙori, a bi tsagar da allura a fitar da zaren. Aiki ne mai cin lokaci, ƙwallo 100 zai ci awa guda, amma zaren da aka bari a yau shi ne baƙin ɗigon rima na wata mai zuwa. Kada a sa bilic don a ga ya yi fari: yana cin fatar ƙwallon, launin ya koma fari-fari mara rai, kuma warinsa ba ya fita daga tsagar.

A shanya a inuwa, a kan tsumma ko faifai, ba a kan tire na ƙarfe ba, ba kuma a rufin gida da rana tsaka ba. Ranar Madina da bazara tana busar da bayan ƙwallon cikin awa biyu alhali cikin na jiƙe, bayan ya motse ya matse cikin, sai tsagar ta buɗe baki ta zarce. Kwana biyu zuwa uku a inuwa ya isa zagayen farko. Mutanen Jidda da Yanbu, inda iska ke da laima, su ƙara kwana ɗaya ko biyu, ko su shanya a ɗaki mai na'urar sanyaya wuri amma ba daidai bakin iskarta ba. Abin da ake nema a wannan gaɓa shi ne bayan ya bushe, cikin kuma da sauran ɗan danshi. Gwajinsa: a danna wuƙa mai kaifi a kan bakin ƙwallon. In ta shiga da ƙarfi ta fitar da ɓarɓashi kamar ana fere ƙaho, lokaci ya yi. In ta zame tana ƙara, ya wuce, a mayar ruwa na awa shida a sake shanyawa kwana ɗaya.

Yanzu a zaɓa. Ido yana ruɗi, a yi ma'auni. A samu guntun katako ko kwali mai kauri a huda ramuka biyu, na milimita 7 da na milimita 8, ko 8 da 9 in ƙwallayen manya ne. Wanda ya wuce ta babban ramin ya maƙale a ƙaramin, shi ne naka. Kauri ya fi tsawo muhimmanci, domin tsawo ana iya yankewa, kauri kuwa rage shi sai an cinye fatar. Yatsa yana jin bambancin rabin milimita ko da ido bai gani ba, kuma ɗan carbi ɗaya da ya fi 'yan'uwansa kauri yakan ɗauke hankalin mai zikiri duk lokacin da ya zagayo.

Huda iri biyu ce, kuma kowace da irin carbin da take bayarwa. Mai sauƙin ita ce ta kwance: ƙusa ta shiga ta tsakiyar tsagar ta fito ta baya kusa da naƙir. Tsagar da kanta ke riƙe bakin ƙusa, ba ya zamewa, tafiyar kuma ba ta wuce milimita 6 ko 7 ba. Irin wannan carbin 'ya'yansa a gicciye suke kan zare, kowanne yana cin wurin kaurinsa kawai, don haka mai 99 zai tsaya a wajen santimita 80. Aibinsa shi ne bakunan ƙwallon suna sukar yatsa kuma suna kama aljihu, sai an datse su an goge sosai. Don labulen ƙofa ko adon bango wannan hudar ta wadatar.

Ta biyu, wadda na fi so don carbi, ita ce ta tsawo. A datse kai da gindi da ƙaramin zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora, a bar tsakiya mai tsawon milimita 11 ko 12, kamar 'yar ganga. Don duk su zo daidai, a yi ɗan gurbi a katako mai wannan tsawon, a riƙa kwantar da ƙwallon a ciki ana yanka ta bakin gurbin. Fuskar yankan za ta nuna siffar ƙodar nan. Wurin hudar ba tsakiyar ƙwallon ba ne, tsakiyar naman ne, wato tsakanin ƙarshen tsagar da bayan ƙwallon, an ɗan karkata baya. A sa alama da bakin basilla a duka fuskokin biyu. A huda rabi daga wannan kai, a juya a huda rabi daga wancan, su haɗu a tsakiya. Wanda ya ce zai zarce daga kai ɗaya, ƙusar za ta bi wuri mai sauƙi ta faɗa tsagar, zare ya riƙa leƙowa, ɗan carbin kuma ya zauna a karkace.

Kayan hudar: ƙaramin injin nan na hannu irin Dremel, ko kowane iri mai rage gudu, da ƙusar huda wadda masu shagon khurdawat, wato masu sayar da kayan aikin ƙarfe, ke kira risha. A sayi ta milimita 1 guda biyar ko shida, domin karyewa suke, da ta 1.5 guda biyu, da ta 2 da ta 3 ɗai-ɗai. A wannan zagayen ta milimita 1 kawai za a yi amfani da ita. A soke ƙusar cikin bakin injin sosai a bar abin da bai wuce milimita 8 a waje ba, tsawon da ya yi yawa shi ke sa ta lanƙwasa ta karye. Gudu ƙasa-ƙasa. A shiga milimita 2, a fito a kakkaɓe garin, a koma. In aka danna ba fitowa, garin zai cushe, zafi ya taru, sai ka ji ƙamshi kamar ana soya gahawa. Ƙamshin nan alamar ƙuna ce: bangon ramin ya ƙone, ya yi gautsi, kuma daga nan tsagewa ke farawa. Saboda wannan dalilin ne ban yarda da huda da allura mai zafi ba, duk da mutane da yawa haka suke yi. Ramin yana fitowa a karkace, baƙin ƙunar yana ɓata zare, kuma ɗaya cikin 'yan kaɗan ne ke tsira ba tsaga.

Don Allah kada a riƙe ƙwallon da yatsu ana huda. Ƙusar milimita 1 ba ta san bambancin ƙwallo da farce ba. A huda rami mai zurfin milimita 7 a katako daidai kaurin ƙwallon a tsayar da shi ciki, ko a kama shi da maƙalar shanya ta katako wadda aka ɗan faɗaɗa bakinta da magagari. A sa tabarau, domin guntun ƙusar da ta karye fuska yake nufa. Wajen goga kuma a rufe hanci, garin yana da laushi yana shaƙe mutum.

Da an gama hudar farko, a jera su a siririyar waya, a bar ɗan sarari tsakaninsu, a rataye a inuwa mako biyu zuwa uku. Yanzu iska na shiga ta ramin, ciki da waje suna bushewa tare, shi ya sa ba sa tsagewa. Sanin sun bushe ba sai an yi canke ba: a ɗora su duka a sikelin kicin a rubuta nauyin, a sake bayan kwana uku. Ranar da lambar ta daina sauka, sun gama. Kunne ma yana faɗa, in aka girgiza su a tafin hannu busassu ƙara suke kamar tsakuwa. Za a ga sun ƙanƙance, ramin ya matse har wayar na kamawa. Haka ake so, shi ya sa ba a buɗe ramin zuwa girmansa na ƙarshe tun farko ba.

Sai goga da samfefa, wadda a nan Saudiyya ake kira sanfara. Hanya mai sauri ita ce a ɗauki ƙusar da ta karye a sa a injin, a cusa ɗan carbin a kanta ya kama, a kunna a hankali a riƙa taɓa shi da samfefa yana juyawa. Samfefa mai kaushi, lamba 120, don zagaye bakunan yankan kawai, daƙiƙa kaɗan kowane kai. Sannan 240, sannan 400 a duk jikin. A nan akwai zaɓi. Fatar ƙwallon mai ruwan ƙasa siririya ce, ƙarƙashinta nama ne mai tauri fari-fari mai ɗan toka. In aka goge kaɗan, fatar ta zauna, launin ya zama ɗaya. In aka ɗan ƙara, tudun ya yi haske kwarin ya riƙe duhu, sai zane ya fito kamar na marmara, kowane ɗa da nasa. In aka cinye fatar duka, ya koma kamar ƙashi. Na tsakiyar ya fi kyau nesa ba kusa ba. Masu ƙoƙarin goge tsagar har ta ɓace don ya yi kama da na kanti suna ɓata aikinsu ne: ɗan carbin zai sirance, bangon ramin ya yi rauni, kuma an share shaidar da ke nuna ƙwallon dabino ne. Tsagar ma tana da amfani, babban yatsa yana samun wurin kamawa.

Wanda ke son launi, wannan ne lokacinsa, bayan lamba 400 kafin mai. Zoborodo yana ruɗar mutane da jan da yake bayarwa a ranar farko, amma ba ya zama, rana da gumi suna mayar da shi toka. Lalle ma a fata da gashi yake kamawa, a ƙwallo ɗan ja-ja ne kawai. Abin da ke zama shi ne baƙi irin na dukawa, wanda suke samu daga haɗuwar bagaruwa da kuloko. Bagaruwa tana nan a shagunan aɗɗara, masu sayar da kayan ƙamshi da magungunan gargajiya, da sunan garad. A daka giram 30, a tafasa a rabin lita na ruwa minti 20, a tace, a zuba 'ya'yan carbin su kwana a ciki. Ruwan ƙarfe kuma, wanda ke maye gurbin kuloko, ana haɗa shi tun mako guda kafin nan: soson ƙarfe mai laushi na wanke tukunya guda ɗaya, a wanke masa mai da sabulu, a jefa cikin kofi ɗaya na farin khal, wato binega, a kwalba. Soson ya zama mai yin tsatsa, wanda ba ya tsatsa ba zai ba da komai ba. Kada a ɗaure murfin kwalbar tamau, haɗin yana fitar da iska. A tsamo 'ya'yan daga ruwan bagaruwa, a tsane, a tsoma a ruwan ƙarfen minti 5 zuwa 10, za a ga suna yin baƙi a kan ido. A ɗauraye sosai. Wanda ya tsallake bagaruwa ya tsoma a ruwan ƙarfe kai tsaye, fatar ce kaɗai za ta yi duhu, wuraren da aka goge su tsaya da haske, domin sinadarin da ƙarfen ke kamawa a fatar yake. Wannan ma salo ne in da gangan aka yi. Shayi baƙi mai kauri yana iya maye gurbin bagaruwa, sai dai baƙinsa bai kai ba.

Tunda sun sake shan ruwa, sun sake kumbura. A mayar da su waya su yi wani mako guda ko kwana goma, a sake gwajin sikeli. Nan ne masu gaggawa ke faɗuwa: su shafa mai a kan ƙwallo mai danshi, man ya toshe ruwan a ciki, bayan 'yan makonni farin rima ya fito daga tsagar da ramin.

Bayan bushewar ƙarshe sai a buɗe ramin da ƙusar milimita 1.5, daga kai biyu kamar da. Sannan a ɗauki ƙusar milimita 3 a hannu, ba a inji ba, a murza sau biyu a bakin kowane rami don kashe kaifinsa. Minti goma ne wannan aikin ga carbi guda, amma shi ke hana zare tsinkewa, domin ba ja ne ke tsinka zaren carbi ba, bakin rami ne ke yanka shi sannu a hankali. A ƙarasa goga da lamba 800 da 1200, a hankali in an rina, kada a cinye launin.

Mai: kada a jiƙa su a man zaitun ko man riɗi. Man girki in ya daɗe yana yin danƙo da ƙauri, ya kama ƙura a tsagar. A narkar da kakin zuma kashi ɗaya da man farafin na kantin magani kashi uku, a kwano da aka ɗora kan ruwan zafi, ba kan wuta kai tsaye ba. In ya huce zai yi kauri kamar man kaɗe. A lakuto kaɗan a tsumman auduga a murza 'ya'yan, a bar su kwana, washegari a goge da busasshen tsumma har su daina maiƙo, a bi tsagar da tsinken sakace. Ban ba da shawarar fenti mai ƙyalli na katako ba. Ƙwallon ba ya daina ɗan numfashi da sauyin yanayi, fentin ba ya bin sa, sai ya riƙa ɓamɓarewa. Turare kuwa, ɗigon man udu a tafin hannu a murza ya wadatar. Na fesawa yana busar da kakin ya dushe sheƙin.

Ga mai son ado na daban, tsagar nan gurbi ce da aka riga aka sassaƙa. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 0.6 zuwa 0.8, a yanka daidai tsawon ɗan carbin, a share tsagar, a sa ɗan gam mai haɗi biyu da bakin allura, a danna wayar ta zauna, in ya bushe a goge ta yi daidai da jiki. Ana yin wannan kafin shafa kaki, gam ba ya kama wuri mai maiƙo. A kan baƙin ƙwallo jan layin nan yana da kyau ƙwarai. Ba sai an yi wa duka ba, alamomin rabo kaɗai ma ya isa.

Carbi mai 33 ana raba shi 11 sau uku da alamomi biyu, mai 99 kuma 33 sau uku. Masu shago suna kiran alamomin fawasil. Dole yatsa ya gane su ba tare da an duba ba, don haka siffarsu ta bambanta. Ƙwallon goriba ya dace da wannan: in aka fasa ƙoƙon da zarto, na cikin fari ne mai tauri kamar haure, tsakiyarsa rami, sai a yanko 'yan faifai masu kaurin milimita 3 daga bangonsa a zagaye su. Goriba na nan a shagunan 'yan Sudan da Masar da sunan dom. Su 'yan Sudan ɗin ma suna da nasu carbin na ƙwallon aduwa, lalob, har mai 'ya'ya dubu da ake gani a wuyan 'yan ɗariƙa, aikinsa kusan ɗaya da wannan. Limamin carbin kuma, dogon nan da bakunan zare biyu ke haɗuwa cikinsa, yana buƙatar rami na milimita 2, don haka sai ƙwallo mai kauri kamar na dabinon majdul, a datse bakunansa kaɗan kawai. In ba a samu ba, guntun itacen zaitun ko na magarya mai tsawon santimita 3 ya fi aminci.

Zare ya zama nailan saƙaƙƙe mai kaurin milimita 0.8 zuwa 1, ana samu wajen masu kayan ɗinki da masu gyaran carbi a Balad ta Jidda da kasuwannin gefen Harami. Igiyar fatsa tana da ƙarfi amma sandararriya ce, carbin ba ya kwanciya a hannu. Zaren roba yana saki. Na auduga bakin rami yana cinye shi. 'Ya'ya 33 masu milimita 12 sun ci santimita 40, a yanka mita ɗaya don a samu na ɗauri. A ƙona bakin zaren da ashana a murza ya yi tsini, ba sai da allura ba. A jera, a zura bakunan biyu cikin liman, a yi ƙulli na wucin gadi, a rataye carbin da kwalbar ruwa ta rabin lita ya kwana. Sabon nailan yana miƙewa, gara ya miƙe kafin ƙullin ƙarshe. Washegari a daidaita sararin da 'ya'yan za su riƙa gudu a ciki: faɗin yatsu biyu, wato kamar santimita 3, ga mai 33. In ya gaza haka ja yana wuya, in ya fi haka carbin yana harɗewa a aljihu. A ƙulla sau biyu a gindin liman. Kada a ɗiga sufa gulu a ƙullin, yana bin zaren ya sandarar da shi, daidai nan yake karyewa.

Tuntu: a naɗa zaren siliki sau 40 zuwa 50 a kan kwali mai faɗin santimita 6, a zare kwalin, a zura bakin zaren carbin guda ɗaya ta cikin madaukin a ƙulla da ɗayan, a ƙona bakunan su narke su kama. A naɗe wuyan tuntun da wani zare sau goma, santimita ɗaya ƙasa da kai, a ɓoye bakin cikin gashin da allura, a yanke ƙasan da almakashi ya daidaita. In gashin ya yi cukui-cukui, a kara shi kan tururin buta ya miƙe.

Waɗanda suka faɗi zaɓe kada a zubar. Goma sha biyu baƙaƙe da goma sha biyu masu launinsu sun zama 'ya'yan dara.

A amfani, abubuwa biyu ke kashe shi: ruwan alwala da zafin mota. A tsane hannu kafin a ɗauka, kada kuma a rataye shi a madubin mota ko a bar shi gaban gilashi da rana. In za a ajiye shi wata da watanni, ko za a aika tsaraba gida inda damina ke da laima, a sa shi a leda a ɗaure a firiza mako guda saboda ƙwaron nan, a bar shi ya huce cikin ledar kafin a buɗe, sannan a ajiye a jakar yadi. Bayan wata uku ko huɗu za a ga sararin zaren ya ƙaru, 'ya'yan sun ƙara ɗan motsewa, zaren ya ƙara saki. A kwance tuntun, a ja zaren ya dawo yatsu biyu, a duba ko ya fara gashi a wani wuri. In ya fara, ɗan carbin da ke wurin ne bakinsa ke da kaifi, a sake murza masa ƙusar milimita 3 kafin a sa sabon zare.